Kwamfutar Barira da Sunan Jaririya

Ku gyara zama, yau ba tatsuniyar dawa na zo muku da ita ba, shari'a ce, kuma ku ne alƙalan.

A Funtuwa an yi wata mata mai suna Barira, ta yi karatun unguwarzoma, saura jarrabawar samun lasisi. Ta zauna ta faɗi, ta sake ta faɗi, aka ce wannan karon shi ne na ƙarshe. A kwamfuta ake yin ta daga gida, kyamara na kallon mutum, in na'ura ta mutu a tsakiya shi ke nan. Ga Barira da tsohon ciki, ga zafin bazara, ga ɗakin kwano.

Kwamfutarta ta tafi-da-gidanka kuwa ta sha wuya. Saboda cikin nan kullum a kan filo take ɗora ta, tana ganin gata take yi mata, ashe numfashi take toshe mata. Ranar jarrabawa da safe ta kunna don gwaji, sai abu ya fara rarrafe, fanka na kuka, gindin kwamfutar ya yi zafin da za a soya ƙwai. Can ta ɗauke ɗif. Nan da nan Barira ta aika wa ƙawayenta uku.

Lubabatu mai gyaran waya ce ta fara isowa. Ta kwance notuna, ta buɗe cikin, ta tarar auduga da zare sun cushe fankar har sun zama kamar tsumma. Ta tsince su tas. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar na'urar da ƙarfen da ke kwashe zafi ya bushe, ta kankare shi, ta shafa sabo. Kwamfuta ta tashi. Da ba ta buɗe ba, da ko kunnuwa ba za ta yi ba.

Amma har yanzu tafiyar hawainiya take, kafin shafi ya buɗe an gaji. Uwani, mai buga takardu a bakin kotu, ta ɗaga cajar ta duba, ta ce, “Ke Barira, wannan ba tata ba ce. Yunwa take ji, shi ya sa take rage wa kanta gudu.” Ta koma ta rufe shagonta, ta ɗauko tata cajar, ta shiga saituna ta kashe tarkacen da ke cin ƙarfi a ɓoye. Kwamfuta ta miƙe da gudu. Da ba ta gano ba, da lokaci ya ƙare Barira na tambaya ta farko.

Aka fara jarrabawa, rana ta take, kwano ya ɗau zafi. Barira ta ji iskar da ke fita ta gefen kwamfutar tana ƙona mata yatsa, tsoro ya kama ta, ga shi ba halin magana. Kande mai kunun aya, wadda ba ta san ko ina ake kunna abin ba, ta lura da tsoron da ke idon Barira. Ta kwaso ƙanƙarar sana'arta duka a roba, ta rarrafa ƙarƙashin tebur don kada kyamara ta gan ta, ta dinga kaɗa mafici a kan ƙanƙarar, sanyi na hawa. Ta sauya hannu, ta sake sauyawa, ƙafarta ta sage, ko tari ba ta yi ba. Kununta ya lalace a waje. Da ta tsaya, da na'urar ta ɗauke kamar yadda ta yi da safe.

Barira ta ci jarrabawa. Ba a jima ba ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Mijinta ya ce, “Maman jaririya, na bar miki zaɓin suna, ki yi wa wadda ta cece ki takwara.” Barira ta yi murna, sannan ta rasa wadda za ta zaɓa, don tana son su duka, kuma ta san biyu za su ji ciwo ko ba su faɗa ba. Ga rago a ɗaure, gobe suna, liman na jiran abin da zai raɗa.

To, tsakanin Lubabatu da Uwani da Kande, sunan wa ya kamata yarinyar nan ta ci?