Jatau da Rabin Waƙa

Ku matso kusa, ku bar tsokanar juna. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wani manomi ne, sunansa Jatau. Yana da mata Tabawa, da 'yarsu ƙarama Kuluwa. Jatau yana son gurmi. In ya dawo daga gona sai ya ɗan kaɗa, gida ya yi daɗi.

Ran nan yana kiɗa, sai wata waƙa ta faɗo masa, wadda marigayiya uwarsa take yi masa yana yaro. Ya bi ta, ya bi ta, sai ta tsaya a rabi. Ya sake, ta tsaya. Sai kewar uwarsa ta kama shi.

Aka yi ruwan shuka. Tabawa ta ce, "Maigida, kowa ya fita gona."

Ya ce, "Bari in samo ƙarshen waƙar."

Ta kawo tuwo. Tuwo ya huce, ƙudaje suka ci.

Kuluwa ta ce, "Baba, duba, na iya ɗaukar tulu!"

Ko ɗagowa bai yi ba. Da gari ya waye sai ya rataya gurmi, ya shiga duniya.

Sai ya tarar da kurciya a kan tsamiya. Ya kaɗa mata, ya ce, "Kin san ƙarshenta?"

Ta ce, "Ban sani ba. Tawa ma nakan ajiye ta in nemo wa 'ya'yana tsaba."

Sai ya wuce. Ya tarar da wani tsohon makaɗi a kasuwa, ya kaɗa masa.

Tsoho ya ce, "Ban sani ba. Wa ka baro a gida?"

"Mata da 'ya."

Tsoho ya kau da kai.

Sai ya wuce. Ya yi ta tafiya, yana tambaya gari gari, har ya isa wurin Inna Delu, yayar uwarsa. Ta tsufa, ido ya tafi. Ya kaɗa mata. Sai hawaye suka zubo mata.

Ya ce, "Inna, ƙarasa mini."

Ta ce, "Ɗan nan, ai iyakarta ke nan. Daidai nan kake yin barci, sai uwarka ta yi shiru, ta zauna tana kallonka."

Jatau ya daɗe a zaune. Sai ya ji ba abin da yake so kamar ya ga 'yarsa.

Ya juyo gida, ashe damina uku ta wuce. Ya yi sallama. Kuluwa ta leƙo, ta yi tsawo. Ta dube shi, ta koma ciki ta ce, "Inna, ga wani baƙo."

Tabawa ta fito. Hannunta duk kanta, don ita kaɗai take noma. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Kawo masa ruwa."

Washegari Jatau ya ɗauki fartanya. Bai fasa gurmin ba. In an gama aiki yakan kaɗa kaɗan, sai ya rataye. Amma sai da aka kai hatsi rumbu kafin Kuluwa ta sake ce masa Baba.

Ƙurunƙus kan kusu, ga ta can ta shige rami. Abin da kuke so, yarana, ku riƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan ku bar wa mutanenku.