Wanzami da Kukar Cikin Kasko

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa. Wanzami ne, sunansa Nomau. Ba ilimi, ba dukiya, daga zabirarsa sai matarsa Ladidi, wadda harshenta ya fi askarsa kaifi. In an yi taro, kusa da takalma ake ba shi wuri. Ku saurara da kyau, don irinsa ne kuke tsallakewa ku gaisa da na bayansa.

A maƙwabtansa akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, Inna Gwamma. Mijinta ya rasu ya bar mata abin da babu mai irinsa a garin: kuka ce sosai, da kaurin gindinta da rassanta, amma tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, tana zaune cikin kasko. Marigayin ya ga irin aikin ne a hanyar hajji wajen mutanen gabas mai nisa, ya dawo ya shekara talatin yana rage saiwa, yana rage toho, har itaciyar ta tsufa ba ta yi girma ba. Shi ne abin da masu sayar da furanni yanzu ke kira bonsai, suna lanƙwasa baki kamar su suka ƙirƙiro shi.

Ran nan, da tsakiyar damina, aka aiko wa Inna Gwamma 'yarta na kwance a wani gari, tafiyar kwana tara a kan jaki. Kasko ba zai kai ba. Ta ɗauko shi ta dire a zauren Nomau.

Ta ce, "Ga amana. Duk unguwar nan kai kaɗai na ga hannunka ba ya rawa."

Ya ce, "Inna, ni kai na sani, ban san itace ba."

Ta ce, "Kan ma ai da koyo ka fara. Ka ajiye ta inda rana ke samunta. Toho in ya yi tsawo, ka rage. In kuwa ta zubar da ganye, ka ɗauke hannunka. Ko ɗigon ruwa kada ka ba ta sai ta farka don kanta."

Da tsohuwa ta tafi, Ladidi ta leƙo ta ce, "Wannan ko miyar mutum ɗaya ba za ta yi ba. Mutane ana ba su riƙon saniya, mu an kawo mana renon kuka."

Damina ta wuce lafiya. Rani ya shigo, ganye ya zube ƙarƙaf, ƙasar kaskon ta tsage. Kun san zauren wanzami: duk wanda ya sunkuyar da kai, bakinsa a sake yake. Wannan ya ce ta mutu. Wancan ya ce, "Kukar daji saiwarta na bin ruwa a ƙasa. Wannan fa, a kasko, ina za ta bi? Ƙishi ne zai kashe ta kana kallo." Magana mai kama da hankali. Nomau ya dubi itaciyar tsirara cikin rana, tausayi ya kama shi, ya ɗauki buta. Safe ya zuba, yamma ya zuba. Wani mai kirki ya kawo kashin awaki, aka ƙara.

Bayan mako uku ya danna gindin da babban yatsa. Yatsan ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa, wari ya taso.

Abokinsa Sallau, dillalin awaki, ya zo aski ya tarar da shi ya yi tagumi. Da ya ji abin da ya faru sai ya yi dariya, ya ce, "Kai dai an yi rabon wayo kana wajen kaciya. Daji cike yake da 'ya'yan kuka. Tono mai kauri, datse ta, dasa. Idon tsohuwar nan ya yi yana, ba za ta gane ba."

Nomau ya ce, "Nata ya yi yana. Na Wanda ya ga ta ba ni fa?"

Ladidi daga ciki ta ce, "To ka ce akuya ta ci mana, malam!"

Ya ce, "Akuya ba ta ɗauki buta ba."

Ranar ya zare itaciyar daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ajiye a inuwa. Washegari ya ɗauki fartanya ya shiga daji. Ya wuce cediya, ya wuce tsamiya, don ba su ne ke ciwo a gidansa ba. Ya zaɓi 'ya'yan kuka uku masu lafiya, ya tono, ya ɗauro.

Sallau ya gan shi ya ce, "Yauwa, ashe kana jin magana."

Nomau ya ce, "Ba a koyon aski a kan ango. A kan waɗannan zan koya."

Ya yanki gindin kowacce. Ta fari ya mayar da ita ƙasa ya ba ta ruwa. Ta biyu ya shafe yankan da laka. Ta uku ya barbaɗa toka ya bar ta kwance a inuwa, ba ƙasa, ba ruwa. Kwana goma yana duba su, ruɓar amana kuwa tana ci gaba, yana gani, yana cije haƙora. Ta fari ta ruɓe. Ta biyu ta yi funfuna a ƙarƙashin lakar. Ta uku ta bushe ta rufe bakin ciwonta.

Sai ya wasa aska, ya yi bisimilla, ya yanka gindin kukar amana. Abin da ya sani a jikin mutum shi ya yi a jikin itace: ba a tsayawa sai an kai ga mai rai. Ya kwashe kusan sulusin gindin, ya cire babbar saiwa guda, ya cika wurin da toka. Ta yi wata guda tana kwance a bisa rumfa. Sannan ya faɗaɗa hujin kaskon, ya shimfiɗa tsingaro, ya zuba yashi da 'yar ƙasa, ya dasa.

Saura aiki mafi wuya, jama'a, wato barin abu. Bazara ta zo da zafinta. Sau biyar a yini yana wucewa ta gaban kaskon da buta a hannu, zai yi alwala, ya kau da kai. Ladidi ta ce, "Yau ma an je gaida gawa?" Ya ce, "An je, ta ce a gaishe ki." Ruwan fari ya sauka. Kukokin gari suka yi ganye, tasa shiru. Sallau ya ce har yanzu dajin na nan. Nomau ya ci gaba da askinsa. A kwana na goma sha biyar da saukar ruwan, a kan wani reshe, ga wani ɗan kore kamar ƙwayar gero.

Inna Gwamma ta dawo bayan shekara. Da an juya itaciyar wajen bango, da ramin yankan ya ɓuya. Nomau ya juya ramin ya fuskanci ƙofa. Da aka gama gaisuwa, ya durƙusa ya ce, "Inna, kin hana ni ba ta ruwa, na ba ta. Ba tsutsa ba ce, ba akuya ba ce. Ni ne."

Tsohuwa ta sa yatsa ta laluba ramin. Can ta ce, "Wa ya yanke?"

Ya ce, "Ni."

Ta ce, "Mijina, Allah ya ji ƙansa, sai da ya kashe bakwai kafin wannan, kowacce ya ce kajina ne. Na tsufa ina jiran in ji namiji ya ce 'ni ne'. Gobe ka shigo in nuna maka yadda ake rage saiwa. Idona ya tafi, hannu nake nema."

To, kun ji. Mutumin nan ba da mugunta ya kusa kashe amana ba, da tausayi ne marar sani da shawarar 'yan zaure. Abin da ya cece shi, bai ɓoye ɓarnarsa ba, kuma bai gudu ya bar ta ba. Ya tsaya ya koya, ya gyara abin da zai gyaru, ya nuna tabon da hannunsa. Ku kuwa, kowannenku akwai mai rai a hannunsa: mace, ɗa, tsohon uba. Kuna ɗura musu abin da ku kuke so, ba abin da suke bukata ba, in abu ya lalace ku nemi wanda za ku laƙa wa. Wasunmu sai da aka karɓe abin daga hannunsu suka gane ashe amana ce, lokacin kuwa babu sauran wanda za a durƙusa wa. Wanda nasa ke numfashi, ya je gida yau ya buɗe baki ya ce, "Ni ne," sannan ya fara gyara. Allah ya ba mu ƙarfin faɗa tun da sauran mai ji.