Abin da Fulgencio Bai Faɗa wa Milagros Ba

Akwai wani mutum a garin Baní ana kiransa Fulgencio. Aikinsa juya littattafan coci da wa'azi daga Sifaniyanci zuwa Turanci. Ya iya aikin, kuma ya san ya iya. Dokarsa ɗaya ce: duk inda mai magana ya yi kwatance da kogi ko itace ko ƙishirwa, sai ya sheƙe shi ya bar tsabar ma'ana. Yakan ce, "Turawa ba sa son kwana-kwana."

Maƙwabcinsa Don Nicanor tsohon mai wa'azi ne. Tun yana da ƙarfi ya kori matarsa da jaririyarsu Milagros, suka tafi New York. Yarinyar ta girma ba ta jin Sifaniyanci, yaren ubanta, sai Turanci.

Da ciwon ajali ya kama tsohon, Milagros ta zo. Abu ɗaya ya kawo ta: ta ji ko zai nemi gafararta. Aka kira Fulgencio ya tsaya tsakani.

Tsohon ya kalle shi ya ce, "Kai mai tabarau, ban da iyayi yau. Yadda na faɗa, haka za ka faɗa."

"Haba Don, na juya maganar manyan limamai, taka ce za ta gagare ni?"

Tsohon ya juya ga 'yarsa. Numfashi na yanke masa ya ce, "Ɗiyata, ni gona ce da ta kori ruwanta da kanta. Tun ranar nake tsagewa. Ko ɗigo ɗaya, kafin Mai gonar ya zo."

Fulgencio ya ga wannan salon tsofaffin masu wa'azi ne kawai. Ya ce mata da Turanci, "Ya ce ya sha wahala a rayuwa, yana fatan Allah ya ji ƙansa."

Milagros ta jira. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Har yanzu kansa kawai yake gani," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta fita. Tsohon ya bi ta da ido har ƙofa, sannan ya dawo da idon kan Fulgencio. Kafin la'asar tsohon ya cika.

Aka yi addu'o'in mamaci, aka ajiye kofin ruwa gaban hotonsa kamar yadda ake yi a garin. Fulgencio ya kasa shiga ɗakin. Ya zauna aiki, kowane shafi ya buɗe idon nan yake gani. Abinci ya daina shiga.

Daga baya ya nemi lambar Milagros ya kira ta. Ya faɗa mata maganar kalma bayan kalma, da gonar da ruwan da ɗigon.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Hannunsa yana nan kan bargo, kusa da nawa. Na ga yana motsi. Da ka faɗa min haka, da na riƙe shi."

Ta kashe wayar.

Fulgencio yana nan da ransa. Ya tsufa. Ba ya bin ta ƙofar gidan Don Nicanor, sai ya zagaya ta bayan kasuwa.

Darasi: Idan an ba ka magana ka kai, amana ce. Kada ka rage ta don kana ganin ka fi mai ita sani, domin wani a cikin kwatance yake iya neman gafara. Ku tura wa duk wanda yake tsayawa tsakanin mutum biyu.