Mai Duba Ruwa da Mai Duba Daji

An yi wata shekara da dabbobin gidan wani maharbi suka sami 'yancin kai bayan doguwar gwagwarmaya. Rabin gwagwarmayar, in za a faɗi gaskiya, gara ce ta yi ta, don ita ta cinye ƙyauren keji.

Su uku suka fito: Gada mai yawan fargaba, da Zabo mai ji da kai, da Kurege wanda kullum yake bin inda iska ta kaɗa. Suka sami masauki kusa da wani tafki, shi kaɗai ke da ruwa a wannan rani.

Sai dai tafkin yana da maƙwabta. A cikin ruwa akwai Kada, a cikin daji akwai Damisa. Ba sa ga maciji da juna, kuma kowanne ya aiko da gaisuwar murna, tare da tambayar ko baƙin na wane ne.

"Mu ba na kowa ba ne," in ji Gada. "Jiya muka fito daga keji. Ga shawara: in ɗaya zai sha ruwa, ɗaya ya duba ruwa, ɗaya ya duba daji. Haka za mu riƙa juyawa."

Suka amince. Kowa ya riƙa shan ruwa har ya ƙoshi.

Wata safiya Zabo ya iso yana tafiyar ƙasaita.

"Daga yau ku ce mini Sarkin Bakin Ruwa. Mai girma Kada ne ya naɗa ni."

"Allah ya taya riƙo," in ji Gada. "Yau kai ke duba ruwa, Malam Zabo."

"Ni? In tsaya ina harar uban gidana? Yaya Gada, ba a yi wa aboki gadi. Ki sha ruwanki, na tsaya miki."

"Da me ka tsaya mini? Da fiffike?"

Gada ta matsa bakin tafki. Kurege na duba daji, ruwa kuwa ba mai duba shi. Ta sunkuyar da kai, ta ga wani kumfa ya taso, ta ja da baya. Ta sake gwadawa, ta sake ja da baya. Ranar ba ta sha ba.

Kwana da kwanaki tana lasar raɓa a bakin ciyawa. Harshenta ya bushe. In Kurege ya duba mata ruwa, sai ta ji kamar daji yana numfashi a ƙeyarta.

"Yaya," in ji Kurege, "tunda Zabo ya yi uban gida, ni ma bari in yi mubaya'a ga Damisa. Sai a yi daidai."

"Daidai ƙwarai, ƙanena. Kai na Damisa, shi na Kada. Ranar da za su yi sulhu, wa kake zato za a yanka wa baƙi?"

Kurege ya fasa mubaya'ar.

Ba a jima ba labarin sarautar ya kai kunnen Damisa. Da rana tsaka ta fito daga cikin sabara, ba ta ko kalli Gada ba, ta nufi Zabo.

"Kai ne ɗan leƙen asirin Kada?"

"Ranki ya daɗe, sarautar ta suna ce kawai," in ji Zabo, ya ruga bakin ruwa. "Uban gidana, ga ta nan!"

Kada ya taso a hankali, ya buɗe baki.

"Matso, Sarki. Sa kanka nan ciki, ba ta isa ta taɓa ka ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Zabo ya miƙa wuya.

Gada da ta saba zura wa ruwa ido ta ga muƙamuƙin ya fara saukowa. Da ɗan sauran miyaun da ke bakinta ta ce, "Kurege, wutsiyarsa!"

Kurege ya cafki wutsiyar Zabo ya fizgo. Bakin Kada ya rufe a kan gashin kan Zabo kaɗai. Damisa ta ga abin da ake yi wa na Kada, ta yi tsaki ta koma, don ba ta ga ribar faɗa a kan ragowar wani ba.

Da yamma suka dawo tafki su uku. Ba wanda ya ambaci sarauta.

"Ni zan duba ruwa," in ji Zabo, kansa na ɗigar jini.

Gada ta sunkuya ta sha, ta sha, har cikinta ya yi nauyi.

Abin da za a koya a wannan labari shi ne, ƙanana da suka fito daga keji ɗaya gara su riƙa duba wa juna baya, su gaida manya daga nesa. Babba yakan ba da sarauta kyauta, amma yakan karɓi tukuici daga baya. Har yau kan Zabo bai sake tsiro gashi ba.