Ƙoren Nomau a Gindin Bango

Jama'a, ku matso ku saurara. An yi wani mutum a wani gari, tun ba a san siminti ba, ana ce masa Nomau. Bawan Allah ne, dattijo, talaka, sana'arsa zanen ƙwarya: ya sa wuƙa a wuta ta yi ja, ya zana ado, mata su saya. A garin kuma akwai wani magini, Cindo, gwanin adon bango. Amma ku ji sirrin: Cindo hannu gare shi, Nomau ido. Duk zauren da za a yi wa ado, sai su tsuguna a rumfar Nomau, shi ya zana a ƙasa da tsinke, Cindo ya ce nan laka ba za ta riƙe ba, su share, su sake. Shekara goma sha ɗaya suna haka.

Ranar da aka gama zauren mai gari, jama'a suka taru suna kallo. Mai gari ya ce, "Cindo, wa ya taya ka wannan tunani?"

Nomau na tsaye a nan da ƙorensa a ka. Cindo ya gan shi sarai. Amma yabo, jama'a, yabo yana da daɗi! Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, daga kaina ne. Ba wanda ya sa mini hannu."

Nomau ya ce, "Allah ya ƙara basira," ya wuce.

Tun daga ranar kunya ta hana Cindo bin hanyar rumfar nan. Sai ya zagaya ta mahauta, ya gwammace ƙudaje da ido huɗu da tsoho.

Ana nan, wani madugu ya gina zaure, ya ce yana son ado irin wanda ba a taɓa gani ba. Wa za a kira? Mai fitar da zane daga kansa mana. Cindo ya sha tsugunawa shi kaɗai da tsinke, ba abin da ya fito. Amma bakin da ya yi alfahari bai iya cewa a'a ba.

Ku sani, adon bango sai laka na da danshi ake yinsa. In ta bushe, aiki ya lalace. Aka yi yaɓe da hantsi, Cindo ya hau tsani, gari ya taru. Ya dubi bango, bango ya dube shi. Rana tana hawa, laka tana shan iska, gumi na zubo masa. Can ya ji wani yana cewa, "Ko dai gwanin ya manto kan nasa a gida?" Aka yi dariya. Ya tabbata yau sunansa zai zube.

Sai ga Nomau tafe, yana tallarsa kamar bai san abin da ake ciki ba. Ya sauke kaya a gindin tsani, ya kife ƙore bakwai a jere. Cindo ya leƙo. Ku saurara! Zanen kowace ƙwarya ya haɗe da na ta kusa da ita, ta tsakiya kuma an bar mata fili daidai wurin ƙofa. Bangon nan ne kwance a ƙasa. Ashe tun da tsoho ya ji labarin aikin yake ta ƙona wuƙa.

Wata mata ta ɗauki ɗaya za ta saya. Nomau ya ce, "Ajiye, uwar gida, waɗannan sai la'asar. Yanzu rana suke sha."

Cindo ya yi aikin nan yana bin zanen ƙoren, hawaye na bin gemunsa, jama'a na zaton gumi ne. Da aka gama, madugu ya ce, "Kai, wannan kai naka, Allah ya tsare shi!"

Cindo ya sauko, ya durƙusa gaban Nomau. Ya ce, "Jama'a, ƙarya na yi ranar nan a zauren mai gari. Ku dubi ƙoren nan, ku dubi bango. Baba, na ci amanarka, me ya sa ka zo?"

Nomau ya ce, "Tashi, Cindo. Da ban zauna da kai ba, da har yau ina cika ƙwarya da zane kamar ƙyanda. Kai ka koya mini barin fili. Kuma laka na bushewa, ai ba lokacin fushi ba ne."

To jama'a, kun ji. Ba gwanin da ya yi kansa shi kaɗai. Kai mawaƙi, wa ke riƙe maka kiɗa? Kai mai ɗinkin riga, wa ya zana maka? Faɗi sunansa tun yana raye. Kuma in an ci haƙƙinka, ka ga wanda ya ci yana kan tsani laka na bushe masa, kada ka tsaya cikin masu dariya. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu rufa wa wasu.