Shaidar Kwamfutar Suraj

Akwai wani saurayi a Zangon Kumasi mai suna Suraj. Ya yi karatun kwamfuta, kuma tsakani da Allah ya iya. Aibinsa ɗaya ne: tunda ya iya, sai ya ɗauka kowa a unguwa baƙauye ne. Dattijo na magana, shi yana danna waya.

A unguwar kuma akwai Sumaila, wani lebura da ya zo daga arewacin Ghana bai cika shekara ba. Yana zaune wajen yayarsa Azaratu mai sayar da koko. Duk inda ake taro, shi ake kira ya kafa rumfa ya jera kujeru. Ba shi da surutu, Hausar ma ba ta gama zama a bakinsa ba.

Wata Asabar, ana cikin sallar azahar, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, aka sace babur ɗin wani Abdul-Rahaman a ƙofar masallaci. Shi ne na huɗu cikin wata biyu, don haka samarin unguwa sun riga sun kai wuya. Wata mata ta ce ta hango wani dogo mai jar riga yana tura babur. Sumaila dogo ne, kuma yana da jar riga. Shi ke nan aka sami ɓarawo.

Washegari aka kai shi gaban mai unguwa.

Ya ce, "Baba, wallahi ni ba ya sata moto. Tun safe ina unguwar Dichemso, walima na Malam Muhammad-Awal. Ni ne ya ɗauka kujera."

Aka kira Malam a waya. Ya ce ya gan shi, amma jama'a sun yi yawa, ba zai rantse a kan lokaci ba. Dama wa yake lura da mai ɗaukar kujeru? Sai dai ya ce an ɗauki hotuna da kyamararsa, zai aiko da ita a duba.

Nan Suraj ya ga ranarsa ta zo.

Ya ce, "Baba, ku daina wahalar da kanku. Kowane hoto yana ɗauke da bayanai a ɓoye: irin kyamarar, da ranar da aka ɗauka, da lokacin, har daƙiƙa. Mutum yana ƙarya, inji ba ya ƙarya."

Da kyamarar ta iso, ya zare katinta ya sa a kwamfuta. Ya ɗauko wani laburare na manhaja, wato tarin umarnin da masana suka riga suka rubuta don karanta abin da ke cikin hoto, ya ƙara 'yan layukansa a kai. Kafin a ce me, manhajar ta bi hotuna sama da ɗari uku, ta jera kowanne da lokacinsa. Suraj ya nemo hoton farko da Sumaila ya fito a ciki, yana rungume da kujerun roba. A gefensa an rubuta 16:34.

Ya juya allon ga dattawa. "Ga shi nan. Sai huɗu da rabi ya bayyana a Dichemso. Awa uku bayan sata. Ku tambaye shi inda yake kafin nan."

Sumaila ya ce, "Bra Suraj, wannan azahar ne. Ba mu ci abinci ba ma."

Suraj ya yi dariya. "To yi gardama da kwamfuta."

Mai unguwa ya sa aka rufe Sumaila a wani ɗaki a gidansa, ya ce za a miƙa shi ga 'yan sanda, kuma kada maganar ta fita waje. Abin da bai sani ba, Suraj ya riga ya tura hoton allon a guruf ɗin samarin unguwa na waya, da rubutu a ƙasa: "An kama shi da kimiyya." Magana kuwa zarar bunu ce.

Suraj ya koma shagonsa na kwamfuta yana karanta yabo. Can sai ga Azaratu ta shigo, ta tsaya bakin ƙofa, idanunta sun yi ja.

Ta ce, "Ƙanena, ban zo faɗa ba. Ni ban yi boko ba. Ka nuna mini hotunan kawai, duka."

"Hajiya, ba abin da za ki gane a ciki."

"Yoo, na ji. Nuna mini dai."

Don ya rabu da ita, ya juya mata allon. Ta riƙa kallo ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har suka kai na ƙarshe. Sumaila ne da wasu suna kwance rumfa, ga hasken yamma a kan kwanon gidaje.

Ta ce, "Wannan, ƙarfe nawa injin ya ce?"

Suraj ya duba. 20:51.

Ta ce, "Ƙarfe nawa ke nan a namu?"

A hankali ya ce, "Tara saura."

"Na dare? A Kumasi nan rana tana kaiwa tara na dare?"

Jama'a, a nan tsoro ya shigi Suraj, irin wanda bai taɓa ji ba. Nan take ya kira Malam Muhammad-Awal ya tambaye shi inda ya sayi kyamarar.

Malam ya ce, "A Makka, hajjin bara. Mai shagon ne ya saita mini komai, ni ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba."

Makka tana gaban Ghana da awa uku. Kyamara ba waya ba ce da za ta gyara agogonta da kanta. Manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da ta tarar a cikin hoton shi ta karanto. Wancan 16:34 ƙarfe ɗaya da rabi ne da 'yan mintuna. A daidai lokacin da ake tura babur daga ƙofar masallaci, Sumaila yana Dichemso da kujeru a hannu.

Suraj ya buɗe guruf don ya goge saƙon. Ya tarar an riga an yaɗa shi ko'ina, kuma saƙon ƙarshe yana cewa: "Mu je gidan mai unguwa. Yau ba police."

Ya ɗauki kwamfutar ya fita da gudu, Azaratu na biye da shi tana salati.

Tun daga nesa suka ji hayaniya. An ɓalle ƙofar ɗakin, an ture tsohon mai unguwa gefe, an jawo Sumaila tsakiyar titi. Ya dunƙule yana kare kansa da hannuwa, sanduna na sauka. Wani yana tambayar wa ke da fetur.

Suraj ya kutsa ya faɗa a kansa. Sanda ta same shi a kafaɗa.

"Ku tsaya, don Allah! Ba shi ba ne. Ni na yi kuskure."

Abdul-Rahaman ya shaƙe masa wuyan riga. "Massa, kai ka ce inji ba ya ƙarya. Yanzu nawa aka ba ka?"

Suraj ya ga mutuwa ido da ido. Da ƙyar ya buɗe kwamfutar, ya ɗaga hoton ƙarshe sama.

"Ku duba rana, ku duba lokacin. Tara na dare ya rubuta. Agogon Makka ne a cikin kyamarar, ban bincika ba. Idan duka za ku yi, ni za ku daka."

Aka riƙa miƙa wuya ana leƙawa. Mai unguwa ya kira Malam, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji da kunnensa. Sanduna suka fara sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Masu ihu ɗazu suka soma sulalewa, kowa yana cewa shi kallo kawai ya zo yi.

Sumaila ya rayu, amma hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Likita ya ce da wuya ya ƙara ɗaukar kaya mai nauyi da shi. Mutumin da hannun ne abincinsa.

Kwana uku Suraj yana zuwa asibiti yana juyawa daga bakin ƙofa. A rana ta huɗu ya shiga, ya durƙusa gefen gado, ya kasa haɗa ido da shi.

"Sumaila, ka yafe mini."

Sumaila ya daɗe yana kallonsa. Babu fushi a fuskarsa, tsoro ne har yanzu bai sake shi ba. Ya tambaya da ƙaramar murya:

"Bra Suraj, injin fa? Yanzu ya yarda da ni?"

Suraj ya kifa kansa a kan gadon ya fashe da kuka.

Darasi: Na'ura ba ta faɗin komai sai abin da aka saka mata, kuma ilimin da babu tawali'u a cikinsa yana iya kashe rai. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ko ka tura saƙon da zai tayar da jama'a a kansa, tsaya ka sake dubawa, ka kuma saurari wanda kake ganin bai kai ka sani ba. Ku tura wannan ga 'yan'uwa da guruf-guruf ɗinku, wataƙila ya tsayar da hannun wani kafin ya danna.