Manomin da Tauraronsa Ya Ɗauke

Jikokina, ku ji wani misali. Akwai wani manomi da ba ya shuka sai ya dubi sama. Tun yana yaro ubansa ya nuna masa wani tauraro, ya ce ran da ya gan shi ya sauka daidai kan tsamiyar bakin gona, damina ta zo, a fito da iri. Haka yake yi kowace shekara, bai taɓa jin kunya ba.

Wata bazara da dare zafi ya koro shi waje, yana kwance a tabarma ya zuba wa tauraron ido. Babu gajimare ko kamar tafin hannu. Sai tauraron ya ɗauke, ɗif, kamar an hure fitila, alhali na kusa da shi duk suna nan. Kafin ya gama cewa wayyo Allah, tauraron ya dawo.

Gari na wayewa ya kama hanyar ƙauyen wansa mai nisa, don shi ma da tauraron nan yake shuka. Wan ya ce, "Ni ma ina waje, idona na kansa, ko ƙiftawa bai yi ba. Ko gyangyaɗi ka yi, ko kuwa akwai abin da ka yi wa Allah. Binciki kanka."

Manomin ya dawo gida, ya ce wa matarsa, "Sauko da irin nan a daka. Ni kaɗai aka nuna wa. Bana gonata ba za ta yi ba."

Ta ce, "Maigida, a gidan ubana ko yunwa na kisa ba a cin iri. Tauraron ya dawo ko bai dawo ba?"

"Ya dawo."

"To?"

Bai saurare ta ba. Da kansa ya hau rumbu, ya sauko da damin iri, ya jingina shi da turmi.

Ana cikin haka sai ga wata baƙuwa, malamar nazarin taurari, ɗauke da madubin hangen nesa. Gari gari take bi tana tambayar wanda ya ga tauraron ya ɗauke. Da ta ji labarin manomin, sai ta tafa hannu don murna.

Ta ce, "Baba, tauraron bai mutu ba. Can nesa, bayan duk duniyoyin da ke kewaya rana, inda haskenta da ƙyar yake kaiwa, akwai wani ƙaton dutse mai ƙanƙara yana tafiyarsa cikin duhu. Ido ba ya ganinsa. Shi ne ya gifta ta gaban tauraronka. Inuwarsa ta bi ta kan gonarka, ba ta kai ƙauyen wanka ba. Da bai tare hasken ba, da ba mu san faɗinsa ba."

 Manomin ya ce, "Malama, a can ɗin da babu kowa, wa ke kiwonsa har bai ɓata hanya ba?"

Bai jira amsa ba. Ya cire hularsa, ya durƙusa nan gaban turmi. Matarsa kuwa ta ɗauki damin iri ta mayar rumbu, ta ce, "In ka gama, fartanya na jiranka."

Jikokina, ga ma'anar misalin. Tauraron nan alherin Ubangiji ne, ba ya mutuwa. Inuwar kuwa wahala ce, ciwo, ko rashi, ko addu'ar da ba a ga amsarta ba. Takan faɗo a gida ɗaya ta tsallake na kusa. In ta tsallake naku, kada ku zama kamar wan nan, ku ce wa mai kuka ya binciki kansa. Bakinku ya yi ƙanƙanta da wannan magana.

In kuwa a kanku ta faɗo, ku tuna giftawa take yi. Ni na binne ɗa, na san duhun nan, ba labari aka ba ni ba. Amma Wanda yake kora dutse a wurin da babu ido, babu hanya, bai kuwa taɓa ɓace masa ba, kuna tsammani ƙofar gidanku ce za ta ɓace masa? Ku yi kukanku, ban hana ba. Iri dai ku bar shi a rumbu, ruwa na tafe.